Kuɗin bai isa babbar inshora da kula da jiki duka ba, wanne zan rage?

Dattijo57:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar nan ko suka taɓa shiga irin wannan hali. Shekarata 57, ritaya ta kusa, kuma inshorar lafiyar da wurin aiki ke biya mana ni da maiɗakina ranar da na ajiye aiki ranar za ta tsaya. Na fara tambayar kamfanoni in ji nawa zan riƙa biya da kaina, wallahi kuɗin da suka yanka min sai da na nemi wurin zama, wai saboda shekaru kuma saboda ina da hawan jini. Babban tsarin da ya haɗa ganin likita da magani da kwanciya da tiyata zai cinye wajen kashi ɗaya cikin biyar na fanshon da nake sa rai. Akwai ƙarami wanda bai kai rabin wancan ba, amma shi sai an kwantar da mutum ko za a yi tiyata sannan suke biya.

To ni kuma yanzu haka ina kashewa jikina kuɗi ba laifi. Ina biyan wurin motsa jiki duk wata, ina sayen ƙwayoyin bitamin da wasu na gyaran gwiwa, duk shekara ina yin gwajin jiki gaba ɗaya daga kai har ƙafa, ga maganin hawan jini, ga ƙoƙarin cin abinci mai kyau wanda shi ma ba araha gare shi ba. In na ɗauki babban tsarin dole yawancin waɗannan su tafi. Wani abokina ma cewa ya yi in manta da inshora kwata-kwata, in kula da jikina in riƙa tara sauran kuɗin, ai rigakafi ya fi magani. Gaskiya maganarsa ta shige ni amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ya kuke gani?

MaiLissafi:

Wa alaikumussalam Alhaji. Na daɗe ina aiki a ɓangaren biyan kuɗin marasa lafiya na inshora, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki.

Abokinka ya haɗa abu biyu da ba aikinsu ɗaya ba. Motsa jiki da abinci suna rage yiwuwar ciwon ya zo, inshora kuma ba ta hana ciwo zuwa ko kaɗan, aikinta in ya zo kada ya tafi da gidanka da ɗan abin da ka tara. Akwai wani gwaji da aka yi a jihar Oregon ta Amurka a 2008, gwamnati ba ta da kuɗin ba wa duk masu ƙaramin ƙarfi inshora sai aka yi ƙuri'a, wasu suka samu wasu ba su samu ba, masu bincike suka bi su. Bayan kimanin shekara 2 ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a hawan jini ko suga ko kitsen jini tsakanin ɓangarorin biyu, amma kuɗin asibiti irin mai karya mutum kusan ya ɓace a wurin waɗanda suka samu, bashin asibiti ya ragu, har damuwa ta ragu musu. Ka ga inda amfaninta yake, a aljihu.

Shi ya sa ni a ganina in kuɗi ya yi kaɗan, abin da za ka saya wa inshora shi ne abin da in ya faru ba za ka iya ɗauka ba. Ganin likita ka iya biya, maganin hawan jini na wata ka iya biya, amma tiyatar zuciya ko maganin kansa ko wankin ƙoda da ake yi sau 3 a mako har illa masha Allah, waɗannan babu fanshon da zai ɗauke su. Saboda haka ƙaramin tsarin nan ba abin rainawa ba ne, SAI DAI ka karanta takardar da kyau kafin ka sa hannu, don a nan ake cin mutane. Ka tambaye su waɗannan, kuma su rubuta maka, kada ka yarda da ta baki:

Nawa ne iyakar abin da za su biya a shekara? Wani tsarin in ka duba iyakarsa ko kwana kaɗan a ɗakin kulawa ta musamman ba zai biya ba, irin wannan kam asarar kuɗi ce kawai.

Ya suke yi da ciwon da mutum ya shigo da shi? Wannan ita ce babbar tambayarka. Wasu za su ce sai ka yi watanni ko shekara kana biya kafin su fara ɗaukar abin da ya shafi hawan jini, wasu ma su cire shi gaba ɗaya, kuma in suka cire ka tambaya ko hakan ya haɗa da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda, don za su iya cewa ai duk hawan jinin ne ya jawo. In an cire waɗannan to me ka saya kenan?

Akwai shekarun da in ka kai za su daina sabunta maka? Kuma kuɗin yana hawa ne duk lokacin da ka shiga wani rukunin shekaru? Abin da ka iya biya a 60 ba lallai ka iya a 70 ba.

Sannan kafin duk wannan ka je wurin masu kula da ma'aikata a ofis ɗinku ka tambaya ko za ka iya ci gaba da tsarin da kake ciki kana biya da kanka. In ana yi, sau da yawa ya fi, don ba za a ɗauke ka sabon shiga ba balle a sa ka jira. Ka kuma bincika ko gwamnati na da tsarin 'yan fansho ko na tsofaffi, ƙasashe da yawa suna da shi kuma yawanci ba sa korar mutum don yana da ciwo. Abu na ƙarshe, kada wani ya ba ka shawarar ɓoye hawan jinin a fom don kuɗin ya sauka. Ranar da ka kwanta fayil ɗinka na asibiti za su buɗe, su ga tun yaushe kake shan magani, su ƙi biya, kuma doka na bayansu.

Nas_Mai_Dare:

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a gama aiki lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan yi magana a kan ɗaya ɓangaren don na ga kamar kana ɗauka cewa in ka daina waɗancan kashe-kashen kuɗin shi kenan ka daina kula da lafiyarka. Ba haka ba ne wlh, a cikin jerin da ka kawo abin da ya fi amfani shi ya fi araha.

Mu fara da bitamin da ƙwayoyin gwiwa. In ba likita ne ya auna ya ga wani abu ya yi maka ƙaranci ba, kamar bitamin B12 ko D ko ƙarancin jini, to yawancinsu kuɗi ne kawai ke tafiya. Na gwiwar nan da ake ta tallatawa an gwada su sosai kuma sakamakon bai taka kara ya karya ba, abin da aka tabbatar yana taimakon gwiwa shi ne rage nauyi da ƙarfafa naman cinya. Ka fara yanke wannan.

Gwajin jiki gaba ɗaya duk shekara shi ma ba dole ba ne. Masu bincike na Cochrane, wata ƙungiya mai tace binciken lafiya, sun tattara manyan gwaje-gwaje a kai, a 2019 suka sake fitar da rahoto cewa irin wannan gwajin na kowa da kowa bai rage mace-mace ba, kuma mu a asibiti muna gani, a yi ta hoto a gano wani ɗan abu da ba zai taɓa cutar da mutum ba, daga nan sai wani gwajin sai wani, kuɗi na tafiya hankali na tashi. Kai da kake da hawan jini abin da kake buƙata ƙayyadadde ne: aikin ƙoda da fitsari, suga, kitsen jini, sai duba ido saboda akwai ciwon idon da ke cin gani a hankali ba tare da zafi ba. Ka tambayi likitanka batun gwajin kansar hanji tunda ka wuce 50, Mama kuma na mama da na bakin mahaifa. Shi zai tsara maka wanne duk shekara wanne sai bayan shekaru.

Motsa jiki kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga amma kana iya magana, minti 30 sau 5 a mako ya kai ka 150. Sai kwana 2 a mako na ƙarfafa tsoka, kuma wannan mutane suka fi mantawa alhali da shekaru tsoka zubewa take yi, ita ce kuma ke hana mutum faɗuwa. Tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, tura bango, hawa bene, tsayuwa da ƙafa ɗaya kana riƙe da wani abu, duk kyauta ne. In wurin motsa jikin ne kaɗai ke sa ka fita saboda abokai to ka riƙe shi, wannan ma dalili ne, in kuwa biya kawai kake yi kana zuwa jefi-jefi ka san abin yi.

Kuma kada a raina tafiyar nan. Akwai binciken da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 a kan mutanen da sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba, waɗanda suka rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu suna motsi minti 150 a mako, kamuwa da ciwon suga ya ragu musu da kashi 58, a 'yan shekara 60 zuwa sama ma kashi 71. Waɗanda aka ba wa maganin suga na metformin kuwa da kashi 31 ya ragu musu. Wato tsofaffin ne suka fi cin riba.

Abinci, ka rage gishiri, ƙasa da giram 5 a rana ake so wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma har da wanda ke ɓoye cikin kayan gwangwani da na leda. Rage gishiri da zaƙi ba ya cin kuɗi, ragewa ma yake yi. In kana shan taba ka bari.

Abu ɗaya da ba na so ka taɓa ko da wasa shi ne maganin hawan jini. Ko me za a yanke ban da shi. In tsada yake maka ka ce wa likita ya rubuta sunan sinadarin ba sunan kamfani ba, irin su amlodipine kamfanoni da yawa ke yi kuma akwai masu sauƙi, ka dai saya a kantin magani mai rajista. Ka sayi na'urar awon jini ta dantse ka ajiye a gida, sau ɗaya za ka saya, ka riƙa aunawa kana rubutawa, in kana yawan ganin 140/90 ko sama ka koma wurin likita kada ka jira ranar da aka ba ka. Mafi yawan waɗanda nake karɓa da dare da shanyewar ɓarin jiki in ka tambayi iyalansu sai su ce ai ya ji sauƙi ne ya daina shan maganin.

BaRuwana:

Ni dai ina bayan abokin Alhaji. Kuna ta cewa inshora inshora kamar in ka biya shi kenan. Yayana ya shekara da shekaru yana biya ba fashi, da aka zo yi masa aiki sai kamfanin ya ce sai an jira amincewa, aka yi ta buga waya ana turo mu nan ana tura mu can, ƙarshe mu muka haɗa kuɗin aka yi aikin, kuma har yau rabi suka mayar. Da kuɗin nan a asusunsa yake tarawa ai da ba mai ja masa rai. Kamfanin nan fa ba don Allah ya buɗe ba, lissafinsa shi ne ya karɓa fiye da abin da zai fitar, to me zai hana ni in zama kamfanin kaina? In ban yi ciwo ba kuɗina na nan 'ya'yana su gada.

MaiLissafi:

BaRuwana abin da ya sami yayanka yana faruwa, ba zan kare su ba, shi ya sa kafin mutum ya shiga yana da kyau ya je asibitin da yake so ya tambayi masu karɓar kuɗi wane kamfani ne ke biya ba tare da wahala ba, su suka fi kowa sani. Kuma kusan ko'ina akwai hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora da ake kai wa ƙara, mutane ne ba sa kaiwa.

Amma batun zama kamfanin kanka, gaskiya ne a jimlace abin da mutane ke biya ya fi abin da ake biya musu, in ba haka ba kamfanin ya rufe. Bambancin shi ne kamfani yana raba hatsarin a kan dubban mutane, kai kuwa kai kaɗai ne. In ka fara tarawa yau ciwon ya yi maka alƙawarin zai jira shekara 15 sai asusun ya cika? In ya zo a shekara ta biyu fa? Ga hauhawar farashi na cin ajiyar, kuɗin asibiti kuma yawanci ya fi sauran kaya saurin tashi. Sannan mu faɗi gaskiya, kuɗin da ke ajiye kowa ya san da shi ba ya zama, yau wannan ya zo da matsala gobe wancan. Mai shekara 30 in ya yi wannan cacar wataƙila ya sha, mai 57 da hawan jini in ya fita yanzu ya ce zai dawo a 65 zai tarar ko dai kuɗin ya ninka ko an rufe ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman_Biyu:

Ni gargaɗi ɗaya zan ƙara a kan ƙaramin tsarin, don shi mahaifina yake kai kuma ni ke riƙe masa lissafi. Matsalarsa ba a takarda take ba, a halin ɗan Adam take. Tunda ganin likita da gwaji daga aljihu ne, sai Baba ya fara ɗaga ranar asibiti, yau ya ce ai lafiyarsa ƙalau gobe ya ce sai an yi fansho, magani ma ya koma raba ƙwaya biyu don ta daɗe, ban sani ba sai da na ga kwalin wata ɗaya ya kai wata biyu. Kuma ashe ba shi kaɗai ba ne, tun shekarun 1970 cibiyar bincike ta RAND ta yi babban gwaji a Amurka ta ga cewa in mutane na biya daga aljihu suna rage zuwa asibiti, mai amfani da marar amfani duka suke ragewa don ba sa iya bambancewa, kuma masu ƙaramin ƙarfi da ke da hawan jini su abin ya fi taɓawa.

Abin da muka yi shi ne ranar da fansho ya shigo ake cire kuɗin magani da na ganin likita a sa a wani asusu daban wanda ba shi da katin cire kuɗi a hannunsa, a sayi maganin wata 3 lokaci ɗaya in likita ya yarda. Tun daga nan rigima ta ƙare. Don haka Baba in za ka ɗauki ƙaramin, bambancin kuɗin da ke tsakaninsa da babban kada ka ɗauka riba ce ka samu, wani kaso nasa na asibiti ne tun kafin ya shigo hannunka. Kuma ka yi lissafin ku biyu ne, Mama ma shekarunta tafiya suke yi.

Dattijo57:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. 'Yata Nas kin kashe min kasuwar bitamin, dama maiɗakina ta daɗe tana cewa kwalaben sun cika mata kabad. Malam MaiLissafi na kira ofis ɗinmu, sun ce ana iya ci gaba da tsarin amma sai an nema kafin ranar ajiye aiki, kuma kuɗinsa yana tsakanin ƙaramin da babban. Shi kuma ƙaramin da na sake karanta takardarsa na ga sun rubuta sai bayan wata 12 za su fara ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi. Tambayata yanzu, in ci gaba da na ofis ɗin ko da ya ɗan fi tsada, ko in ɗauki ƙaramin in yi haƙurin shekara ɗayan?

MaiLissafi:

Na ofis ɗin Alhaji, in dai fanshon zai iya ɗauka bayan an cire kuɗin magani. Wata 12 ɗin nan a kan ainihin ciwon da ya fi barazana gare ka za ka zauna ba rufi. Amma ka tambaye su abu biyu kafin ka cike fom, ko Hajiya na ciki a wannan farashin ko nata daban ne, da kuma ko akwai shekarun da suke yanke 'yan ritaya. In sun ce suna yankewa a 65 ko 70, to akwai wata dabara, ka shiga ƙaramin tun saura shekara ɗaya a yanke ka, ka biya biyun na wannan lokacin don jiran ya ƙare kana da rufi. Ka turo abin da suka ce game da iyakar biya a shekara mu duba tare.

BaRuwana:

To Allah ya sa su biya in ranar ta zo. Alhaji ko wanne ka ɗauka ka riƙa ajiye kwafin duk takardar da ka sa wa hannu da duk rasit, har saƙonnin waya, mu da su muka samu ko rabin ma.